Zanen Zamani da Kasuwarsa: Tarken Ayyukan 'Yan Tawayen Zariya

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na shekarar 2018 gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wani zane mai suna Tutu, na Ben Enwonwu (1917-1994), a kan fam miliyan 1.2, alhali kuwa ƙiyasin da aka yi masa bai wuce fam 300,000 ba. A shekarar 2019 kuma gidan Sotheby's ya sayar da wani aikin nasa, Christine, a kan fam miliyan 1.1. Wannan ciniki ya ƙara jawo hankalin masaya ga zanen zamani na Nijeriya, har da ayyukan matasan da suka biyo bayan Enwonwu, waɗanda aka laƙaba wa suna 'Yan Tawayen Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce ta auna ayyukan nasu da ma'aunin jigo da salo, sa'an nan ta dubi abin da kasuwa ke ɗauka da wanda take bari.

2.0 Asalin Ƙungiyar

Abin da ake nufi da zanen zamani shi ne tafarkin da masu zane na Turai suka ɗauka tun ƙarshen ƙarni na 19, inda suka daina kwaikwayon abu kamar yadda ido ke ganin sa, suka fifita layi da launi da siga. A nan ne irin su Picasso suka yi aro daga sassaƙe-sassaƙen Afirka, kamar yadda aikinsa na 1907 ya nuna.

Sai dai ba wannan tafarki aka kawo Zariya ba. Sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ya bi manhajar makarantun Ingila ne, galibin malamansa kuma Turawa. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A 1960 Okeke ya bayyana manufarsu, wato kowane mai zane ya gwama dabarun da ya koya a aji da fasahar da ya gada a gida. Ƙungiyar ta watse a 1961, amma tasirinta ya ɗore.

3.0 Jigo da Salo

Babu shakka manufar ta yi 'ya'ya. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, wato zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. A cikin aikinsa Ana Mmuo (1961) baƙin layi ne ke yawo a kan faffaɗan launi, ba inuwa, ba zurfi irin na Turai. A nan gargajiya ta shiga cikin salon kansa. Onobrakpeya ya ɗebo daga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuma ya shahara da shuɗin launi da miƙaƙƙun surorin mutanen Ikko. Shi kuwa Nwoko, a zanensa na Nijeriya a 1959, ya zaunar da jami'an mulkin mallaka a gaba, ya tsai da sojojin Afirka a duhu bayansu.

To, amma ina rabon garin da ya ba su suna? A mafi yawan ayyukan da suka shafi Arewa, ƙasar Hausa jigo ce kawai. Okeke ya zana Jumaa a 1961, abokin karatunsu Jimo Akolo kuma ya zana makaɗi da mahayan dawaki. An zana mutanen, amma ba safai aka ari hannunsu ba. Ga shi kuwa a cikin birnin Zazzau akwai fasahar da ta daɗe da yin abin da zanen zamani ke nema. Zanen da magina ke fitarwa a fuskar zaure, da dagi, da aska takwas ta babbar riga, da zayyanar allo, duk layi ne da siga tsantsa, ba su kwaikwayon surar mai rai. Haka nan bakan gizon Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Dalilin wannan giɓi a fili yake: manufar ta umurci kowa ya koma gidansu, jagororin tafiyar kuwa ba 'yan ƙasar Hausa ba ne. Saboda haka ba laifinsu ba ne. Aiki ne da ya rage ga na baya.

4.0 Ma'aunin Kasuwa

Mai sayen zanen zamani yakan nemi abu uku: sa hannun mai zane, da shekarar aikin, da jerin waɗanda suka mallake shi, wanda ya yi kama da isnadi a wurin malaman hadisi. Wannan ma'auni yana da amfani wajen kare mai saye daga jabu, amma yana da illa biyu.

Ta farko, yakan sa labarin zane ya rinjayi zanen. Tutu hoton wata gimbiyar Ife ce, wanda Inyamuri ya zana a 1974, bayan yaƙin basasa, ya ɓace shekaru da dama, aka gano shi a wani gida a Landan a 2017. Aikin yana da kyau ƙwarai, amma da wuya a raba farashinsa da wannan labari.

Ta biyu, ma'aunin ba ya ganin abin da ba shi da sa hannu. Magini ba ya rubuta sunansa a bango, bango kuma ba ya ɗaukuwa zuwa gwanjo. Don haka zanen zaure ba shi da farashi. Damina ta zaizaye shi, ko mai gida ya rushe ya kafa bulo, ba wanda zai yi asarar kwabo a takarda.

Ban da wannan, ga matsalar nisa. Ana Mmuo yana gidan adana fasahar Afirka na Smithsonian a Amurka, babban nunin zanen zamani na Nijeriya kuma a Tate Modern ta Landan aka buɗe shi a 2025. Ɗalibin da ke karatu inda aka haifi tafiyar sai ya dogara da hoto a littafi, ga shi kuwa Hausawa sun ce gani ya kori ji.

5.0 Kammalawa

An ga yadda 'Yan Tawayen Zariya suka mai da gargajiya salo, da yadda fasahar Hausa ta tsaya a matsayin jigo a wurinsu. Ya kamata jami'o'i da gidajen tarihi su riƙa sayen ayyukan masu zane tun suna raye, kafin farashi ya fi ƙarfinsu. Ya kuma kamata manazarta su ɗauki hotunan zanen zaurukan da suka rage, su rubuta sunayen maginansu da shekarun gininsu daga bakin magada, tun masu sanin suna nan.