Fasali A Kan Gyaran Da Malam Abdullahi Ɗan Fodiyo Ya Yi Wa Abokan Yaƙinsa

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, almajiri ne kai ko mai fatauci, ka sani garin Boɗinga ya zama mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sa'ad da Shehu Usmanu yake zaune Sifawa. Muna ambaton iliminsa kullum, amma abin da yaf faɗa wa 'yan'uwansa a kan yaƙi mun bar shi cikin gafaka.

Ka dubi shekara ta 1805. Runduna ta fita daga Gwandu, sai ta auka wa garin Kwalde wanda ke zaune da ita lafiya, ta kwashe dukiyarsa. Manya sunka hana, ba a ji ba. Daga can anka gamu da abokan gaba a Alwasa, anka karya jama'a, mutane masu yawa sunka halaka. Malam bai jingina laifin duka ga Gobirawa da Azbinawa ba. Cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati, na 1813, ya zargi nasa mutane da kwaɗayin mulki da dawaki da tufafi na alfarma. Wanga magana ta fi sukar maƙiyi wuya, domin da waɗanda ya zarga yake yin sahu, kuma da su yake cin abinci.

Amma akwai wurin da ban gamsu ba, tare da girman Malam. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya rabu da runduna ya nufi gabas da niyyar Makka. Ko kai falke ka sani, in madugu ya bar ayari tsakiyar daji don ya ga 'yan ayarin sun ɓaci, ragowar na kirki su ke shan wuya. Wa zai tsawata wa mai ganima in mai tsawatarwa ya tafi?

Mutanen Kano sunka tsai da shi. Can ma ya tarar da irin abin da ya gudo wa, sai ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya bayyana haddin mai mulki da sharuɗɗan fita yaƙi, ya karantar da su tafsiri, kana ya koma wurin Shehu. A ganina komowar nan ta fi fitar tasa nauyi, don ya koma cikin mutanen da ya zarga ba tare da ya janye zarginsa ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, shekara biyar bayan haka yana nan yana rubuta aibin masu nasara.