Harshe da Makomar Koyar da Shari'a a Jami'o'i: Tsokaci Daga Kotunan Kafancan

1.0 Gabatarwa

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari na darussan kowane fanni, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika daidai da bukatun muhallinta. Manufar wannan maƙala ita ce auna horon da ake bai wa ɗaliban shari'a da ma'aunin harshe, tare da kafa hujja da Kafancan da kewayenta.

2.0 Waiwaye

Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga shawarwarin Kwamitin Unsworth na 1959, waɗanda suka haifar da Dokar Ilimin Shari'a ta 1962 da Makarantar Horar da Lauyoyi da aka buɗe a Legas a 1963. A Arewa kuwa, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello ta tsiro ne a Kongo, Zariya, inda aka riga aka fara horar da alƙalai domin aiwatar da kundin hukunta laifuffuka da ya soma aiki a 1960. A yau ɗalibi yakan yi shekara biyar a jami'a, sannan shekara guda a Makarantar Lauyoyi, kuma harshen koyarwa da jarrabawa shi ne Ingilishi. Ana ɗauka cewa wanda ya tashi da Hausa zai iya shari'a da ita ba sai an koya masa ba. Wannan zato shi ne tushen matsalar.

3.0 Yanayin Harshe a Kafancan

Kafancan mahaɗar jiragen ƙasa ce tun 1927, don haka ta tara al'ummu masu harsuna dabam-dabam. A kudancin Jihar Kaduna ana magana da Fantsuwam da Jju da Tyap da Hyam da Ninzo da wasunsu, Hausa kuma ita ce harshen kasuwa da cuɗanya. Tun 2001 jihar ta maye gurbin kotunan yanki da kotunan shari'ar Musulunci da kotunan al'ada, baya ga kotunan majistare da Babbar Kotu. Saboda haka mai ba da shaida yana iya yin tunani da Jju, ya furta da Hausa, tafinta ya juya, alƙali ya rubuta da Ingilishi. Idan aka ɗaukaka ƙara, abin da aka rubuta kaɗai kotun sama za ta duba.

Sashe na 36(6) na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi tuhumar cikin harshen da yake fahimta, a kuma sama masa tafinta kyauta. Amma lauyan da ba a horar da shi ba, ta yaya zai gane cewa tafinta ya kauce?

4.0 Misalan Giɓin Ma'ana

(a) Amsa tuhuma. Kotu tana tambayar ko mutum ya yarda yana da laifi a idon doka. In aka juya tambayar ta zama "Ka yi ko ba ka yi ba?", wanda ya bugi wani don kare kansa zai ce "Na yi", a rubuta masa amsa laifin da bai amsa ba.

(b) Sadaki da dukiyar aure. Sadaki haƙƙin amarya ne a shari'ar Musulunci. Dukiyar aure ta al'ada kuwa galibi hannun dangi take shiga. Idan aka haɗe su cikin kalmar Ingilishi ɗaya, sai a rasa wanda ya kamata ya mayar da dukiya idan aure ya mutu.

(c) Aro da jingina da kyauta. Rigimar gona takan rataya ne a kan wanne daga cikin ukun nan kakanni suka yi. Tsoho yakan ce "an ba shi gonar", alhali aro yake nufi. Da zarar an rubuta kyauta, gonar ta bar gidan.

(d) Rantsuwa. A gaban majistare akan yi ta ne kafin ba da shaida. A fiƙihun Malikiyya kuwa tana iya zama hujjar da za ta yanke hukunci.

Waɗannan misalai sun nuna cewa iya magana da Hausa dabam, sanin Hausar shari'a dabam.

5.0 Sharhi

Laifin bai tsaya ga tsangayoyin shari'a ba. Masana harshe sun samar da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, an kuma buga ƙamus na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991, sai dai kalmomin majalisa ba su ne na kotu ba, kuma sassan harsuna sun fi karkata ga nahawu da adabi. Kashi 30 ɗin nan dama ce ta gyara. Ya dace a shigar da darasin tafinta da fassarar shari'a wanda malaman sassan biyu za su koyar tare, a riƙa tura ɗalibai kotunan ƙasa su saurari yadda ake juya magana, a kuma tattara kalmomin da alƙalai da magatakarda suka daɗe suna aiki da su kafin a ƙirƙiri sababbi.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Ga mafi yawan mutanen wannan yanki Hausa harshe na biyu ce, kuma fifita ta kaɗai zai maimaita kuskuren da aka yi da Ingilishi. Dole ne aikin ya haɗa da Jju da Tyap da sauransu, musamman kalmomin gado da aure da ƙasa, domin dokar al'ada a cikin harshen masu ita take.

6.0 Kammalawa

An ga cewa horon lauya ya tsaya ga Ingilishi, alhali shaida a kotunan Kafancan takan ratsa harshe biyu ko uku kafin ta hau takarda. Muddin jami'o'i ba su yi amfani da kason da aka bar musu wajen koyar da harshen shari'a ba, talaka zai ci gaba da rasa gona ko 'yancinsa saboda kalmar da ba ita ya faɗa ba.