Jinjina ga Likitocin Jini

Uwar da ke kwana a zaune a Ngaski ko Shanga a ƙasar Yauri, ɗanta na kukan ciwon ƙashi na sikila, ba ta san masu yi mata aiki daga nesa ba. Likitocin jini ne. Shekara 6 suke yi a makarantar likitanci, su ɗora da horon ƙwarewa, wasu har digirin digirgir. Irinsu ne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suka tabbatar cewa maganin hydroxyurea na kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Allah Ya saka musu da alheri. Mutanen Yauri, a yi gwajin jini kafin aure don kauce wa sikila.