Mun je, mun gani, ba mu rubuta ba

Ba a taɓa yin zamanin da masu jin Hausa ke yawan tafiya ziyarar ibada kamar wannan ba. Kowace shekara dubban maniyyata na tashi zuwa Makka, Kiristoci na zuwa Isra'ila da Jodan, 'yan Tijjaniyya na cika motoci zuwa Maulidi a Kaulaha ta Senegal, ga masu ziyarar Hubbaren Shehu a Sakkwato. Amma je wurin masu sayar da littattafai ka nemi sabon littafin Hausa da wani ya ba da labarin tafiyarsa tun daga ƙofar gida har dawowa, za ka sha yawo. Waya ta cinye labarin tafiya, kuma a ganina babbar asara ce.

A nan unguwar Romi, kudu da kogin Kaduna, idan wani ya dawo daga ƙasa mai tsarki, akan yi godiya a coci ranar Lahadi, daga nan a wuce gida barka da zuwa. Ga 'yar kwalbar ruwan Kogin Urdun, ga man zaitun, ga laƙabin JP na wanda ya ziyarci Urushalima an ƙara a bayan suna. Sai a fito da waya ta bi hannu-hannu: ga Baba a Baitalami, ga shi cikin kwalekwale a Tekun Galili. Ka ce, "Baba, yaya garin?" Ya ce, "Ai ɗana, sai wanda ya gani." Hira ta ƙare ke nan. Ƙetara kogi ka je Tudun Wada gidan sabon Alhaji, dabino da zamzam ne suka maye gurbin man zaitun, amma wayar da amsar duk ɗaya ne.

Ba mu kaɗai wannan ɗabi'a ta kama ba. A jihar Uttarakhand ta Indiya akwai wurin bautar mabiya addinin Hindu da ake kira Kedarnath, can bisa tsaunukan Himalaya, tsayin sama da mita 3,500. Wajen wata shida kawai yake buɗe a shekara saboda ƙanƙara, kuma mai ziyara kan taka kusan kilomita 16 daga Gaurikund kafin ya isa, in ba zai hau alfadari ko jirgi mai saukar ungulu ba. Duk da wannan wahala, masu ɗaukar bidiyo sun mai da ƙofar wurin dandali, har wata ta durƙusa ta nemi auren saurayinta a gaban kyamara. A watan Yulin 2023 masu kula da wurin suka hana ɗaukar hoto da bidiyo a cikinsa. Kafin nan, a Disambar 2022, babbar kotun Madras ta ba da umarnin hana shiga da waya wuraren bautar jihar Tamil Nadu. Su abin da ya dame su alfarmar wuri ce. Ni abin da ya fi damuna shi ne abin da mai ziyara zai bar wa na baya.

Littattafai biyu da na karanta kwanan nan su suka tayar mini da wannan magana. Na farko labarin Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Sahara ta Murzuk da Tarabulus har Landan a 1855. Bai riƙe alƙalami da kansa ba. Faɗa ya yi, wani ɗan mishan mai suna J. F. Schön ya rubuta, labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Abin da ya burge ni shi ne idon yaron. Ba ya kallon Turawa da tsoro, kallon su yake yi kamar yadda su suka saba kallon mu, yana lura da cimarsu da zamansu, yana auna su da na gida.

Na biyu Tafiya Mabuɗin Ilimi na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1944. Imam yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ya tafi Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kana karantawa kana jin mutumin ya san wa yake yi wa magana: wanda ke zaune a zaure a Zariya ko Katsina, bai taɓa ganin teku ba. Saboda shi yake bin komai daki-daki. Shekara tamanin ta wuce, littafin na nan. Bidiyon da aka ɗauka a aikin hajjin bara kuwa, da yawansu sun tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa ko aka sace.

Wani zai ce ai gani ya kori ji. Ban ƙi ba, tsohuwar da ba ta karatu ta ga Ka'aba ko Urushalima a tafin hannun jikanta, wannan alheri ne. Sai dai hoto abin da ke gaban kyamara kawai yake nunawa. Ba ya faɗin shekarun da aka yi ana adashe, ko kwanan jiran jirgi a sansani, ko ɗan canjin da ya cuce ka, ko abin da ya taso maka a zuciya sa'ad da ka tsaya inda ka daɗe kana ji a wa'azi. Abin mamaki, marubutanmu na WhatsApp da Wattpad suna kai taurarin labaransu Dubai da Indiya ba tare da sun taɓa zuwa ba, waɗanda suka je da ƙafarsu kuma sun yi gum.

Mu mutanen Kaduna muna da ƙarin dalili. Tun rikicin 2000 da na 2002 kogi ya raba mu, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa, amma Hausa ba ta rabu ba. Da ita ake wa'azi a cocin ECWA da HEKAN, da ita ake tafsiri a masallacin Sultan Bello. Mutumin Romi bai san abin da ake yi a Arfa ba, na Rigasa bai san me ke kai maƙwabcinsa Baitalami ba. Ɗan littafi mai shafi arba'in da Hausa zai haye gadar kogin nan ya shiga ɗakin da mai shi ba zai taɓa shiga ba.

Don haka, mai niyyar tafiya bana, sa littafin rubutu da biro a jakarka kusa da fasfo, ka riƙa rubuta abin da ya wakana kowane dare kafin barci. In rubutu na ba ka wuya, zaunar da ɗanka ko jikarka ka faɗa su rubuta, kamar yadda Dorugu ya yi. Hukumomin alhazai da na masu ziyara Kiristoci kuma su ware ɗan abin da za a buga mafi kyau daga ciki kowace shekara, a kai makarantun ɓangarorin kogin biyu.