Kukis ɗin Chrome: zaɓin da aka ce naka ne, an riga an yi maka shi

A ranar 22 ga Afrilun 2025 kamfanin Google ya sanar da cewa burauzarsa Chrome za ta ci gaba da karɓar kukis ɗin da kamfanonin talla ke bibiyar mutane da su, kuma ba za ta fito da wani allo na musamman da zai tambayi mai amfani ko yana so ko ba ya so ba. Wanda bai so, in ji kamfanin, ga saiti nan, ya shiga ya kashe. Da wannan aka binne alƙawarin da Google ya ɗauka tun watan Janairun 2020, cewa cikin shekara biyu zai kawar da waɗannan kukis gaba ɗaya. Kalmar da kamfanin ya jingina da ita ita ce "zaɓi". Ita ce kuma nake ganin ta fi cancantar a tsaya a bincika, domin Google ya fi kowa sanin cewa yawancin mutane ba sa taɓa saitin da manhaja ta zo da shi.

Bari mu fara da abin da ake rigima a kai. Kuki ɗan guntun rubutu ne da shafin intanet ke ajiyewa a burauzarka don ya gane ka idan ka dawo. Wani injiniyan kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a 1994, kuma amfaninsa a fili yake: ba don shi ba, duk sanda ka danna wani sabon shafi a akwatin imel ɗinka sai ka sake shigar da kalmar sirri. Matsalar tana ga kukin da ba na shafin da ka buɗe ba. Ka shiga shafin jarida, amma akwatin tallan da ke gefe daga kwamfutar wani kamfani dabam aka ɗauko shi, kuma shi ma wannan kamfanin yana da damar ajiye nasa kukin. Gobe ka buɗe shafin da ke bayani kan ciwon suga, jibi na neman bashi, in dai kamfanin nan yana da talla ko ɗan hoton da ido ba ya gani a can, zai ga lambar da ya manna maka tun a shafin jarida. A haka ake haɗa tarihin yawonka a intanet ba tare da ka taɓa jin sunan masu haɗawar ba.

Toshe irin wannan kuki ba abu ne da ya gagari masana ba. Apple ya fara taƙaita shi a Safari tun 2017, ya toshe shi baki ɗaya a watan Maris na 2020. Mozilla ta kunna kariyar bibiya ga duk masu amfani da Firefox a watan Satumban 2019, sannan a Yunin 2022 ta ƙara da wani tsari da ke ba kowane shafi tukunyar kukinsa shi kaɗai, ta yadda kamfanin talla ba zai iya leƙa abin da ya ajiye a wani shafin ba. Duk waɗannan a kunne suke zuwa. Ba a nemi kowa ya karanta bayani ko ya danna komai ba, kuma intanet ba ta rushe ba. Ita kanta Chrome tana toshe waɗannan kukis a yanayin Incognito. Ke nan fasahar tana nan cikin manhajar, abin da ya rage shi ne a wane ɓangare aka bar makunnin.

To, wane tasiri ne da inda aka bar makunni? A 2003 Eric Johnson da Daniel Goldstein sun wallafa wani nazari a mujallar Science kan amincewa da bayar da sassan jiki bayan mutuwa a ƙasashen Turai. A Jamus, inda sai mutum ya yi rajista da kansa, kashi 12 cikin 100 ne suka amince. A maƙwabciyarta Ostiriya, inda kowa ke ciki sai wanda ya ce a cire shi, adadin ya haura kashi 99. Harshensu ɗaya, al'adunsu na kusa. (A kula, wannan lissafin amincewa ne a takarda, ba yawan dashen da aka yi a asibiti ba, wanda tazararsa ba ta kai haka ba.) Darasin da masu nazarin halayyar ɗan Adam suka ɗauka shi ne, mutane kan zauna inda aka ajiye su, wani don bai san akwai wata ƙofa ba, wani don ganin cewa masu abin sun fi shi sani, wani kuwa lokaci ne kawai ba shi da shi.

Ba ma sai mun je Turai ba, shari'ar Google ɗin kansa ta isa hujja. A ƙarar da gwamnatin Amurka ta shigar kan mamaye kasuwar bincike a intanet, an bayyana a kotu cewa a shekarar 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da masu burauza da kamfanonin sadarwa, don injin bincikensa ya zama shi ne wanda ke zuwa a saite. Apple shi kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 20 a 2022. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya riƙe wannan kasuwa ta hanyar da ta saɓa wa doka. Sauya injin bincike a waya bai wuce danna wuri uku ko huɗu ba. Da a ce mutane na yin wannan dannawa, babu mai hankalin da zai zuba biliyoyin daloli don ya sayi wurin. Kamfanin da ya san darajar saitin asali har ya biya wannan kuɗi, shi ne kuma ke gaya mana cewa barin bibiya a kunne ba komai ba ne tunda akwai makunni a cikin saiti. Maganganun nan biyu ba sa zama inuwa ɗaya.

An kuma taɓa gwada tambayar mutane kai tsaye, an ga abin da ya faru. Daga watan Afrilun 2021 iPhone ta fara tambayar mai ita ko ya yarda wata manhaja ta bibiye shi a sauran manhajoji. Mutane da yawa suka ce a'a, har kamfanin Meta ya shaida wa masu hannun jarinsa cewa canjin zai ja masa asarar kimanin dala biliyan 10 a 2022. Irin wannan allon tambaya ne Google ya nuna alamar zai kawo wa Chrome a Yulin 2024, lokacin da ya fara janyewa daga alƙawarin kawar da kukis. Wata tara bayan nan ya ce shi ma allon ya fasa. Wanda ke da'awar mutunta zaɓinka amma ya ƙi tambayarka, ina ganin ya san amsar da za ka bayar.

Adalci ne a faɗi abin da Google ke da shi na uzuri, domin ba duka ne ƙarya ba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike kan shirin a Janairun 2021, bisa fargabar cewa kashe kukis zai durƙusar da ƙananan kamfanonin talla ya bar Google a tsaye, tunda shi yana da Gmail da YouTube da Android da injin bincike, wuraren da yake ganin mutane ba tare da buƙatar kukin kowa ba. Wannan fargaba tana da tushe. Akwai kuma shafukan labarai da ke rayuwa da kuɗin talla, waɗanda farashin tallansu ke sauka idan ba a san wanda ke kallo ba. Sai dai duba abin da kamfanin ya kawo a matsayin madadi ƙarƙashin sunan Privacy Sandbox. Na farko, FLoC, ya so burauzar da kanta ta riƙa zuba mutane cikin rukuni-rukuni bisa shafukan da suke ziyarta. Ya sha suka har aka ajiye shi a farkon 2022. Magajinsa, Topics, ya mayar da abin zuwa jerin abubuwan sha'awa da burauza za ta riƙa miƙa wa masu talla. Dukansu sun ɗauka cewa dole ne a san wani abu game da kai kafin a nuna maka talla, gardamar kawai a kan wa zai riƙe bayanin. A watan Oktoban 2025 kamfanin ya sanar da jingine mafi yawan waɗannan fasahohi, yana cewa ba su samu karɓuwa ba. Shekara kusan shida aka kwashe, aka dawo inda aka fara. Ba abin mamaki ba ne idan aka tuna cewa kimanin kashi uku cikin huɗu na kuɗin shigar Alphabet, uwar kamfanin Google, daga talla yake fitowa.

Wani uzurin da aka daɗe ana bayarwa shi ne, in ka toshe kuki, masu bibiya za su koma ga abin da ya fi muni, wato gane na'urarka ta siffofinta: girman allo, nau'in rubutun da ke ciki, yankin agogo, yadda take zana hoto. Hatsarin gaskiya ne. Tun 2010 Peter Eckersley na ƙungiyar EFF ya gwada burauza kusan 470,000, ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 suna da siffar da ba ta yi daidai da ta kowa ba a cikinsu. Kuki kana iya gogewa, wannan kuwa ba ka da abin gogewa. A 2019 Google da bakinsa ya ce wannan dabara tana tauye zaɓin mai amfani kuma ba daidai ba ce. Amma daga 16 ga Fabrairun 2025 ya sassauta dokar da ta hana masu amfani da dandalin tallansa yin ta, matakin da hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta kira rashin sanin ya kamata. Yanzu ga kuki a kunne, ga kuma abin da aka ce don gudunsa aka bar kukin.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk abin da aka kunna da sunan sirri ya wadatar. Akwai wani saƙo mai suna Do Not Track da burauza ke aika wa shafuka, ma'anarsa "kada ka bibiye ni". A 2012 Microsoft ya kunna shi a Internet Explorer 10 tun daga asali. Masu talla suka ce ai wannan muryar Microsoft ce, ba ta mai amfani ba, don haka ba za su saurara ba. Ba su saurara ɗin ba, kuma babu dokar da ta tilasta musu. Microsoft ya janye a 2015, kwamitin da ke tsara ƙa'idar ya rufe a 2019, Firefox ma ta cire makunnin a farkon 2025. Saƙon roƙo ne kawai, wanda aka roƙa yana iya ƙi. Abin da Safari da Firefox suka yi wa kukis ya yi aiki ne saboda burauzar ce ke hana abin da kanta. Abin lura kuma, masu tallan da suka ce saitin asali ba muryar mutum ba ce lokacin da ya saɓa musu, ba mu taɓa jin sun faɗi haka game da saitin da ke barinsu su bibiye shi ba.

Ita ma Mozilla ba ta tsira ba. A Firefox 128, cikin Yulin 2024, ta saka wani tsari na auna tasirin talla ba tare da bayyana mutum ɗaya ɗaya ba, ta kuma kunna shi ba tare da tambayar kowa ba. Ƙungiyar noyb ta ƙasar Ostiriya ta shigar da ƙorafi a kai a watan Satumba na shekarar. Mai yiwuwa tsarin ya fi kuki sauƙin illa, amma aikin masu talla yake yi, kuma an yi amfani da shirun mutane wajen shigar da shi. Ma'aunin da nake ganin ya dace ɗaya ne ga kowa: abin da ke rage bayanan da ke fita daga na'urarka a kunna shi tun asali, abin da ke fitar da bayani kuwa, komai ƙanƙantarsa, a tambaya tukuna.

A wajenmu maganar ta fi nauyi. Galibin wayoyin da ke hannun jama'a daga Kano zuwa Maraɗi na Android ne, irin su Tecno da Infinix da Itel, kuma Chrome a ciki take zuwa. Sau da yawa ma ba mai wayar ne ya saita ta ba. Yaron shagon da ya sayar da ita ne ya buɗe imel, ya danna amincewa a duk inda aka nema, ya miƙo. Dattijon da ke sauraron karatu da labarai a wayarsa ba zai shiga Settings, ya nemo Privacy and security, ya gangara zuwa Third-party cookies ya toshe ba, balle ya san me kalmomin ke nufi. Wanda ya karanta wannan makala zai iya bin wannan hanya cikin minti ɗaya, kuma yana da kyau ya bi, ya yi wa iyayensa ma, ko ya sauke Firefox ko Brave. Illar da zai iya gani ita ce wani shafin can ba a rasa ba ya ƙi shigar da shi, kuma ana iya buɗe wa wannan shafin shi kaɗai. Sai dai Chrome tana hannun kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya, kuma masu bin irin wannan shawara ba za su taɓa wuce 'yan tsiraru a cikinsu ba. Sauran biliyoyin suna nan a kan saitin da Google ya tabbatar musu ranar 22 ga Afrilun 2025.