Gani Ya Kori Ji, Amma Wane Gani?

A yammacin ƙasar Kanada, cikin duwatsun lardin Biritish Kolombiya, akwai wani tsohon gari da a ke kira Barkerville. Asalinsa kuwa, a shekarar 1862 wani Bature mai suna Billy Barker ya haƙo zinariya a bakin wani rafi. Da labari ya bazu, sai mutane suka yi ta kwarara, Turawa da Sinawa, kowa da burin arziki. A 1868 gobara ta cinye garin, aka sāke gina shi. Da zinariya ta ja baya, jama'a suka watse, sai a 1958 Gwamnatin lardin ta ɗauki nauyin gyara shi, ya zama gidan tarihi.

Yau in baƙo ya je, zai tarar da ma'aikata sanye da tufafin mutanen dā. Ga maƙeri a maƙera, ga alƙali yana shari'a, ga keken doki yana kai da kawowa. Har a kan ba mutum tasa ya wanke yashi, ko ya dace. Wannan dabara abar yabo ce, gama wanda karatu bai zauna masa ba ya kan fahimta da ido.

To, amma fa akwai abin lura. Baƙo da rani ya ke zuwa, cikinsa a ƙoshe. Ba mai iya nuna masa sanyin da ya ƙona yatsun mahaƙa, ko tsadar abinci, ko baƙin cikin wanda ya sayar da abin hannunsa ya koma gida hannu rabbana. Agana da ta hallaka ɗimbin 'yan asalin ƙasar a 1862 ba ta wasantuwa. Shi kansa Barker, mai sunan garin, a matalauci ya mutu a birnin Biktoriya a 1894.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in an ce gani ya kori ji, ka tambaya, wa ya zaɓi abin da za a gani? Gine-gine na waɗanda suka samu ne su ke saura, wanda ya rasa kuwa ba ya barin ko bango. Mai ziyara ya kalla ya more, amma ya nemi labarin waɗanda ba su samu ba. Su ne suka fi yawa.