Masu Awon Jini: Gwanintar da Aka Nuna a Tungar Daji da Maƙwabtanta

Akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir, ba ta fi littafi girma ba, sunanta LeadCare II. Ana ɗiga mata jini, cikin minti uku ta faɗi yawan dalmar da ke cikinsa. Iyakar awonta 65 ne, wato maikrogiram 65 a cikin kowane kashi ɗaya bisa goma na litar jini. Likitoci kuwa tun daga 45 suke fara ba yaro magani. A shekarar 2010 aka shigo da wannan na'ura ƙasar Anka da Bukkuyum a Zamfara, sai ga yaro bayan yaro ana gwadawa, na'urar ta kasa ba da lamba, sai dai ta nuna alamar cewa abin ya fi ƙarfinta.

Abin da ma'aikatan lafiya suka yi daga nan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Mun saba yaba likita mai yin tiyata da mai rubuta magani. Akwai wani gwani da ba mu cika ambata ba, mai binciken magani a kan marasa lafiya, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar, da awo da rubutu da haƙuri, ko maganin nan yana aiki, a kan wa yake aiki, kuma har zuwa ina.

Mutanen yammacin Zamfara ba sa bukatar a tuna musu yadda abin ya faro. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa, MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin ƙauyukan da yara ke jijjiga suna mutuwa. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, shiru. Daga baya ne mutane suka tuna cewa agwagi ma sun yi ta ɓacewa. Ashe dutsen zinariyar da ake ɗaukowa daga daji, ana farfasawa ana niƙawa a tsakar gida, cike yake da dalma, ƙurarsa kuwa ta zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. A watan Mayu wata tawaga da ta haɗa da hukumar CDC ta Amurka, da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da Hukumar Lafiya ta Duniya, ta bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, ɗaya cikin kowane huɗu ke nan. Sai aka ga abin ya haɗa da Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Guru, da Tungar Daji, sannan Bagega. An ƙiyasta yaran da suka rasu da kimanin 400. Allah Ya jiƙansu, Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Gwaninta ta farko ita ce ta awo. Tun wajen ɗibar jini ake gane wanda ya san aiki. Huda yatsa ya fi sauƙi, amma yatsan yaron da ya wuni cikin ƙurar dalma yana iya ɓata awon, don haka lambar da ake dogara da ita wajen ba da magani daga jinin jijiya ake samo ta. To, ina batun na'urar da ta tsaya a 65? A ce kana da sikelin da bai wuce kilo 65 ba, aka kawo maka kayan da suka fi haka. Ba za ka ce wa mai kaya "suna da nauyi" ka sallame shi ba. Raba kayan za ka yi, ka auna kashi ɗaya, ka ninka. Haka suka yi. Sai a ɗebi jinin yaron, a tsinka shi da wani jinin da aka tabbatar kusan babu dalma a cikinsa, bisa ma'auni sananne, a ba na'urar, lambar da ta fito a ninka ta. Kuma ba su tsaya ga yarda da dabararsu ba. An riƙa aika wani kaso na jinin zuwa ɗakin gwaji na CDC a Amurka, a gwama da abin da aka samu a nan. Wannan halin na ƙin gaskata kai sai an gwada shi ne ya fi komai burge ni a wannan sana'a.

Da dabarar nan aka gano yara masu 100, masu 200, har da wanda ya haura 700. Wani zai ce, tunda duk sun wuce 45, mene ne amfanin sanin lambar? Amfaninta babba ne. Mai bincike Jane Greig da abokan aikinta sun bi bayanan yara 972, suka ga cewa daga 80 ne alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa ke fara yawaita, daga 120 kuwa haɗarin yakan yi tsalle ƙwarai. Sun kuma lura cewa yaron da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro a kan gubar ya fi saurin nuna waɗannan alamu. Ga asibitin da gadajensa ba su da yawa, irin na Anka ko na Bukkuyum, wannan sani shi ke faɗa wa likita wane yaro za a kwantar yau, wane ne zai iya karɓar magani daga gida.

Maganin da aka fi amfani da shi sunansa DMSA. Sha ake yi. Idan ya shiga jiki sai ya damƙi dalmar da ke cikin jini, ya fitar da ita ta fitsari. Yadda aka saba ba da shi kwana 19 ne: sau uku a rana na kwana biyar, sannan sau biyu a rana na kwana goma sha huɗu, ana auna shi da nauyin yaro. Yana da wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, kuma duk uwar da ta taɓa fama da ɗan shekara biyu a kan magani mai wari ta san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An san maganin tun kafin Zamfara. A Amurka an taɓa yi masa gwaji irin wanda masana suka fi yarda da shi. An ɗauki yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kashi ɗaya aka ba su maganin, ɗayan kashin aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu komai a ciki, ba tare da iyaye ko masu gwada basirar yaran sun san wa ya samu wanne ba. Hikimar ƙuri'ar ita ce kada son zuciyar likita ya zaɓi yaran da dama za su warke ya ce maganinsa ne. Da sakamakon ya fito a 2001, sai ya nuna dalmar jini ta ragu, amma basirar yaran ba ta fi ta 'yan ɗayan kashin ba. Labari ne mara daɗi, kuma suka buga shi yadda yake. Daga nan duniya ta ƙara fahimtar cewa abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa magani ba ya mayar da shi.

A Zamfara ba za a iya yin irin wannan gwaji ba. Yaron da ke da 150 yana jijjiga, wa zai ba shi ƙwayar da babu komai a ciki don a samu abin kwatance? Hanya ɗaya ta rage, ita ce a ba kowa magani, amma a rubuta komai. Shekarun yaro, nauyinsa, ƙauyensu, lambar jininsa kafin magani da bayansa, gwajin hantarsa, sau nawa aka ba shi a gaban ma'aikaci, sau nawa a gida. Aiki ne mai cin rai, a wurin da wuta ba ta tsayawa, hanya kuma takan yanke da damina. Daga 1 ga Yuni 2010 zuwa 30 ga Yuni 2011 an tara bayanan zagayen magani 3,180 da aka ba yara 1,156. Natalie Thurtle ce ta jagoranci nazarinsu, cikin marubutan har da Dokta Nasir Sani Gwarzo, aka buga a mujallar PLoS Medicine a 2014. A dunƙule, kowane zagaye yakan rage dalmar jini da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ga yaran da aka kwantar kuwa, raguwar ta kai kusan rabi. Waɗanda aka fi ba su magani a gaban idon ma'aikaci sun fi samun sauƙi, kuma ba a ga wata mummunar illa da za a jingina wa maganin ba. Ba su ɓoye raunin bincikensu ba, sun faɗa da kansu cewa babu rukunin kwatance.

Lambobin nan sun kuma tabbatar da wani abu mai wuyar faɗa wa uwa. Dalma tana ɓuya a cikin ƙashi. Idan aka share ta daga jini, bayan 'yan makonni sai ta ƙashi ta sake tsattsafowa, shi ya sa yaro ɗaya kan yi zagaye da yawa. Idan kuma ya koma tsakar gidan da ya kwaso gubar, an yi ɗibar ruwa da kwando. Saboda haka aka kafa sharaɗi: a fara kwashe ƙasa, sannan magani. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Zamfara da goyon bayan masarautu, suka ɗauki mutanen ƙauyukan aiki, da fartanya da shebur da buhu, ana kankare saman ƙasa gida-gida, ana zuba sabuwa. Dareta da 'Yargalma aka fara yi a tsakiyar 2010. Tungar Daji na cikin ƙauyuka biyar da aka yi tsakanin Oktoba 2010 da Maris 2011. Bagega sai da ta jira har 2013. Ƙasar da aka kwashe daga ƙauyukan takwas ta haura mita kubik 27,000, kuma a cikin shekara huɗu matsakaicin awon yaran ya sauko daga 149 zuwa 15. Lokacin da irin wannan guba ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ba a fara daga lalube ba.

Na san akwai mai karatu da kalmar "gwaji" kaɗai ke tayar masa da hankali, kuma yana da dalili. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa yara 200. Sha ɗaya sun rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da Gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana nan. Amma maganin mugun bincike shi ne bincike na gari, wanda za a yi wa mutum bayani da harshensa, ya yarda don kansa, ya kuma iya janyewa ranar da ya ga dama ba tare da an hana shi kulawa ba.

Ga wani ciwo da yake jiran irin waɗannan gwanaye a ƙasar Hausa: ciwon dajin hanji da dubura. Mutum ya yi wata da watanni yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, ana cewa basir ne, ana sayen jiƙe-jiƙe a kasuwa, sai ciwo ya ci jiki a kai shi Gusau ko Sakkwato ko Zariya. A 2022 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York, ƙarƙashin Andrea Cercek, suka ba mutum 12 masu ciwon dajin dubura da ya girma wani magani mai suna dostarlimab, duk bayan mako uku, har wata shida. Dukkansu ƙarin ya ɓace daga duk wani gwajin da aka yi musu, ba tare da tiyata ko gashi ba. Sirrin yana wajen zaɓen marasa lafiyar. Akwai nau'in ciwon da ƙwayoyinsa suka rasa abin da ke gyara musu kuskure idan suna kwafar kansu, kamar almajirin da ke rubutun allo babu malamin da ke duba masa. Kurakuran sukan yi yawa har garkuwar jiki ta iya gane ƙarin a matsayin baƙo, maganin kuma aikinsa shi ne ya kwance wa garkuwar dabaibayi. Ga wanda ciwonsa ba wannan nau'in ba ne, maganin ba ya yin irin wannan aiki.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne binciken Farfesa Isaac Alatise na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da Peter Kingham na waccan cibiya ta New York. A 2021 sun buga cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin hanjin 'yan Najeriya da suka gwada wannan nau'in ne, fiye da ninki uku na abin da suka samu a marasa lafiyar New York. Da ba a gwada namu ba, da har yanzu lissafin wasu muke ara. Akasarin marasa lafiyar wancan binciken kuwa daga kudu maso yamma suke. Arewa ma tana bukatar nata awon, a Kano da Zariya da Sakkwato, a jikin mutanenta.

Don haka, ɗan'uwa, idan ka ga jini a bayan gida ya ƙi tsayawa, ga rama, ga sauyin fitar bayan gida, ka je asibiti a duba hanjin, kada ka tsaya ga sunan basir. Mu koma inda muka faro: a 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Jihar Zamfara, haƙar zinariya kuma ba ta tsaya ba. Ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta jihar da ta ci gaba da auna jinin yaran Tungar Daji da maƙwabtanta, a rubuta lambar kowane yaro, a adana ta.